Jirgi Ɗaya, Kuɗi Daban-daban: Kasuwar Manhajar Tuƙin Jirgin Sama

Ranar 18 ga Agustan 2020 kamfanin Microsoft ya fito da sabuwar manhajarsa ta Flight Simulator, wadda mutum zai zauna gaban kwamfuta ya tayar da jirgi daga Landan ya sauke shi a Jidda, da gajimare da iska da duwatsu tamkar gaske. Kamfanin Asobo na birnin Bodo a Faransa ne ya yi aikin. An kasa ta gida uku: ƙarama mai jirage 20 a kan dala 59.99, matsakaiciya dala 89.99, babba mai jirage 30 dala 119.99. Wannan a Amurka ke nan. A ranar, mutumin Jamus da ya nemi ƙaramar ya tarar da yuro 69.99, na Ingila kuma fam 59.99. In aka canja kuɗin a farashin lokacin, Bajamushe ya biya sama da dala 80 a kan abin da Ba'amurke ya gani an rubuta masa 60.

Idan buhun masara ya fi tsada a Legas a kan Dawanau, kowa ya san dalili: akwai kuɗin mota, akwai lodi, akwai shingayen hanya. Ita kuwa manhaja ba a ɗora ta a tirela. Abin da ya sauka a kwamfutar mutumin Hambog shi ne ya sauka a ta mutumin Teksas, ba ragi ba ƙari. To ina bambancin ya fito?

Kafin a amsa, a dubi yadda kasuwar take. Manyan rumfunanta kaɗan ne. Akwai kantin Microsoft da kuma Steam na kamfanin Valve, inda yawancin mutane ke sayen uwar manhajar. Akwai X-Plane na Laminar Research, wanda ɗaliban tuƙi ke yabawa saboda yadda yake lissafa bugun iska a fukafukai. Akwai Prepar3D na Lockheed Martin, kamfanin da ke ƙera jiragen yaƙi, wanda shi rarrabe masu saye yake yi bisa abin da za su yi da kayan: ɗalibi da kuɗinsa, mai horar da matuƙa da nasa, mai yawa. Sai FlightGear, da masu sa kai suka rubuta, kyauta ga kowa tun ƙarshen shekarun 1990. Bayan waɗannan akwai ƙananan 'yan kasuwa barkatai masu sayar da ƙari: wannan ya ƙera jirgin Boeing guda ɗaya da kowane maɓalli na aiki, wancan ya zana filin jirgin sama ɗaya har da tabon mai a kan kwalta.

Dalilin farko na bambancin shi ne haraji, kuma shi ya fi sauƙin ganewa. A Amurka ana rubuta farashi ba haraji, sai wajen biya a ƙara na jihar da mutum yake, wasu jihohin ma irin su Oregon ba su da shi sam. A Turai doka ta ce farashin da za a nuna wa mai saye ya haɗa da harajin kaya: kashi 19 cikin 100 a Jamus, 20 a Faransa da Ingila, 27 a Hangari. A da kamfanoni kan yi rajista a Luksambog don harajinta kaɗan ne, sai Tarayyar Turai ta toshe wannan kafa daga 1 ga Janairun 2015, ta ce za a riƙa cajin harajin ƙasar mai saye. Amma haraji bai cinye duk ratar ba. A Agustan 2020 Jamus ta sassauta harajinta na ɗan lokaci zuwa kashi 16; cire shi daga yuro 69.99, saura yuro 60 da ɗoriya, wanda a lokacin ya kai wajen dala 71. Dala goma da ɗoriyar da ta rage ba ta gwamnati ba ce. Ta kamfani ce, wanda ya auna aljihun Turawa ya ga za su iya.

Mutanen Ostireliya sun daɗe da gane wannan. A 2013 majalisar dokokinsu ta kira Microsoft da Apple da Adobe su yi bayani, kuma rahoton kwamitin ya nuna cewa ana sayar musu da kayan kwamfuta da tsadar da ta kai kusan rabi a kan na sauran ƙasashe. Hayaniyar ta lafa, sannan a Yulin 2017 gwamnatin da kanta ta ɗora harajin kashi 10 a kan duk manhajar da aka sayo daga waje.

Inda labarin ya fi armashi shi ne ƙasashen da ake yi wa rangwame. Steam na da jadawalin da yake ba masu kaya shawara da shi: abin da kuke sayarwa kaza a Amurka, ku sa shi kaza a Indiya, kaza a Barazil. Shawara ce kawai, mai kaya ne ke yanke hukunci, kuma manyan kamfanoni sau da yawa ba sa bi. Hikimar a bayyane take. Kwafi na miliyan da ɗaya bai ci wa kamfani komai ba, don haka sayar da shi dala 5 ga wanda ba zai taɓa iya biyan 60 ba riba ce, ya fi a bar shi ya je ya ɗauko na sata. Matsalar ita ce kuɗin wasu ƙasashen ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kafin Oktoban 2022, abin dala 60 jadawalin ya sa shi lira 92 a Turkiyya da feso 650 a Ajantina, wato kusan dala 5, saboda darajar kuɗin ta zube jadawalin kuwa bai motsa ba.

Ba a daɗe ba duniya ta ji labari. Mutum yana zaune a Madrid ko Toronto sai ya buɗe manhajar ɓoye adireshi ya zama ɗan Ajantina na minti goma, ya yi sayayya ya dawo gida. Aka samu dillalai masu sayar da katin kuɗi na Turkiyya da lambobin kunnawa da aka sayo a ƙasashe masu arha. Valve ya yi ta ɗaure ƙofa: sai ka biya da katin bankin ƙasar da ka ce kana ciki, kuma ba za ka canja ƙasa ba sai bayan wata uku. A Oktoban 2022 ya ninka farashin da jadawalin ke ba ƙasashen biyu fiye da sau biyar. Daga 20 ga Nuwamban 2023 ya daina karɓar lira da feso kwata-kwata, ya mai da su kan dala. Wanda ya sha wuya shi ne ainihin mutumin Ankara da na Kodoba ta Ajantina, wanda albashinsa da kuɗin ƙasarsa ake biya, ga kuma harajin kashi 21 da Ajantina ke ɗorawa, ban da sauran caje-caje a kan sayayya da dala. Masu kuɗin da suka yi sojan gona kuwa sun koma sayayya a gida ba abin da ya dame su.

Shi ma kulle ƙofar yana da iyaka. A Janairun 2021 hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar Valve da kamfanonin wasanni biyar yuro miliyan 7.8, saboda sun hana lambobin da aka sayar da arha a ƙasashe irin su Folan da Romaniya da Hangari aiki a yammacin Turai. A idon hukumar kasuwar Turai ɗaya ce. A idon mai kaya kuwa, in ba zai iya hana Bajamushe saye a farashin Romaniya ba, to gara ɗan Romaniya ya biya farashin Jamus.

Ni a ganina duk wannan ce-ce-ku-ce a bakin ƙofa ake yin sa, alhali kuɗin gaske a ciki ake kashewa. Mai sha'awar tuƙi ba ya tsayawa a kan uwar manhaja. Jirgin 737 na kamfanin PMDG ya fito a 2022 a kan dala 70 ba kaɗan, ya fi ƙaramar manhajar da zai hau kanta tsada. Jirgin A320 na Fenix da fam ake sayensa. Orbx na Ostireliya da dalar ƙasarsu suke rubuta farashin filayen jirginsu. Navigraph na Suwidin, masu taswirar hanyoyin sama da ake sabuntawa duk kwana 28, da yuro suke karɓar kuɗin wata. Waɗannan ƙananan kamfanoni ne, jirgi ɗaya kan ci musu shekaru, masu sayensu ba yawa, kuma galibinsu farashi ɗaya suke sa wa duniya duka. Ban ga laifinsu sosai ba, amma sakamakon shi ne mai saye a ƙasa matalauciya yana juyi tsakanin kuɗi kala uku ko huɗu, kowanne bankinsa na yankar nasa kason.

Mu a nan ko rangwamen bakin ƙofar ba mu samu ba. Steam na karɓar rand na Afirka ta Kudu, ya kuma sa ƙasashen arewacin Afirka a rukunin masu sauƙi tare da Turkiyya, amma babu naira, babu sefa. Da Flight Simulator 2024 ta fito ranar 19 ga Nuwamban 2024 a kan dala 69.99, dala ta haura naira 1,500, wato kuɗin ya zarce naira 100,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama 70,000 a Yulin shekarar. A lokacin ma yawancin bankuna sun tsayar da amfani da katin naira wajen sayayya a waje tun 2022, sai mutum ya nemi katin dala ko ya roƙi ɗan'uwa da ke Ingila ya biya masa. Ga data: manhajar 2020 ta haura gigabait 100 wajen saukewa, ta 2024 kuwa tana janyo yawancin duniyarta ne ta intanet yayin da ake tuƙi. Matashin da ke burin shiga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, in yana son ya saba da agogunan gaban matuƙi kafin ya je, abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne FlightGear, ko ya jira ragin da Steam ke yi a ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba.