Gargaɗi Game da Karayar Gwiwa da Fizgewar Jijiya

Daga cikin gaɓoɓin da Allah Maɗaukakin Sarki Ya hore wa ɗan Adam, babu wadda ta kai gwiwa girma da ɗaukar nauyi, domin da ita ake tafiya neman halali, da ita ake ruku'u da sujada, amma duk da haka sau da yawa idan ta sami rauni sai a ce ai targaɗe ne, a shafa man zafi a ɗaure da tsumma. Wannan gafala ta nakasa mutane masu yawa, shi ya sa ya wajaba mu yi nasiha a kai.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa jijiyoyi 4 masu ƙarfi ne suke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri, biyu a gefe, biyu kuma sun gitta juna a can cikin gaɓar. Idan mutum ya faɗo daga babur, ko gwiwarsa ta bugi gaban mota yayin haɗari, wani lokaci jijiyar ba ta tsinkewa, sai dai ta fizgo ɓallin ƙashin da take manne da shi, kamar yadda saniya kan ja igiya har ta tumɓuke turke alhali igiyar na nan lafiya. Wannan rauni yakan zo tare da karayar kan ƙashin ƙwauri, yakan kuma sami yara 'yan shekara 8 zuwa 14 idan sun faɗi da keke, saboda ƙashinsu bai gama ƙwari ba.

Likitoci sun daɗe suna nazarin al'amarin. Tun a 1879 wani likitan fiɗa na Faransa, Paul Segond, ya bayyana wani ɗan ɓallin ƙashi a gefen gwiwa, wanda daga baya aka gane cewa galibi alama ce ta lalacewar jijiyar ciki. A 1959 kuma Meyers da McKeever na Amurka suka kasa raunin da jijiyar ciki take fizgo ɓallin ƙashi gida 3: wanda ɓallin bai motsa ba, wanda ya ɗaga ta gefe guda, da wanda ya rabu da mazauninsa ɗungurungum. Na farko siminti ya ishe shi; na ƙarshe kuwa sai tiyata, inda likita zai mayar da ɓallin gurbinsa, ya kafe shi da ƙusar ƙarfe ko zare mai ƙarfi, wani lokaci ta 'yan ƙananan huji da na'ura mai kyamara, sa'an nan idan akwai karayar kan ƙashin ƙwauri ya tallafe ta da farantin ƙarfe. Hikimar gaggautawa ita ce, ƙashi da ƙashi suna haɗuwa da kyau idan an daidaita su da wuri, amma idan watanni suka shuɗe jijiyar takan ƙanƙance, aikin ya yi wuya.

Ba mu raina masu ɗori ba, sai dai hannu ba ya kaiwa ga abin da yake cikin gaɓa, karan ɗori kuma ba ya mayar da ɓallin da ya goce. Mafi muni, ɗauri mai tsanani a kan ƙafar da take kumbura yakan tsayar da jini har naman ya ruɓe, ƙarshe a yanke ƙafar. Saboda haka duk gwiwar da ta kumbura nan take bayan faɗuwa, ko ta ƙi miƙewa, ko take sulluɓewa idan an taka, a kai ta asibiti a ɗauki hoto. Idan kuwa tafin ƙafa ya yi sanyi, ko ya dushe, ko ya mace, to, babbar hanyar jini ta bayan gwiwa ce ake tsoro, jinkirin da ya wuce awa 6 zuwa 8 kuma yana iya jawo asarar ƙafar.

Bayan tiyata akwai sauran aiki, wato dogara sanduna na makonni, har zuwa wata 3 idan karayar ta yi tsanani, da zuwa gashi bisa ƙa'ida don kada gwiwar ta sandare. Muna da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da asibitocin koyarwa a Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Neman magani ba ya kore tawakkali. Saboda haka, jama'a, a fara ɗaukar hoto kafin a yarda kowa ya taɓa gwiwar. Allah Ya kiyashe mu.