PZ Biyu Ce: Ɗaya a Landan, Ɗaya a Ikko

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Samaru zuwa Sabon Gari ya san PZ. Unguwar ta sami sunanta daga kantin Paterson Zochonis, kamfanin da Turawa biyu, George Paterson da George Zochonis, suka kafa a Saliyo. Ya buɗe reshe a Ikko a 1899. Shi ne mai sabulun Joy da man Robb da ke cikin gidajenmu.

To, mai karatu, in wani ya ce maka ka sayi hannun jarin PZ, tambaye shi, wacce? Uwar kamfanin tana kasuwar hannun jari ta Landan, da fam ake cinikinta. 'Yarta, PZ Cussons Nigeria, tana kasuwar Ikko, da naira. Mai hannu a ta Ikko ba shi da kome a ta Landan. A 2023 uwar ta nemi saye hannun ƙananan masu jari na nan, da fari a kan naira 21 kowane ɗaya, amma hukumar SEC ta ƙi amincewa a 2024. Dokar gida ce ta tsaya musu.

Sayen na Ikko ba wuya. Ka je wurin dillalin da SEC ta yi wa rajista, da lambar BVN da katin shaida da hoto. Zai buɗe maka asusu a CSCS, inda ake rubuta hannunka da sunanka. Ka cika takardar da za ta sa ribar shekara ta riƙa shiga bankinka kai tsaye.

Na ƙetare ya fi haɗari. Yau ana saye ta wayar hannu, amma sai ka canja naira zuwa dala ko fam. Dalar da take wajen naira 460 a Mayun 2023 ta kai wajen 1,500 a farkon 2024. Yadda canji yake ɗaga mutum, haka yake kayar da shi. A 2021 SEC ta yi gargaɗi game da masu sayar da hannun ƙetare ba rajista. In irinsu suka gudu da kuɗinka, wa za ka kai wa ƙara?

Saboda haka maigida da uwargida su yi shawara tukuna. Kada a taɓa kuɗin makarantar yara ko na hatsi. A rubuta sunan dillali da lambar asusu, a ajiye inda iyali suka sani, domin kada jarin ya ɓace bayan ran mai shi.