Jego da Aikin Albashi: Matsayin Malama Mai Goyo a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

1.0 Gabatarwa

Al'adar Bahaushe ta tanadar wa mai haihuwa hutu da kulawa tun kafin zuwan boko. Sai dai an gina wannan tanadi ne a kan macen da sana'arta take cikin gida, kamar kaɗi da saƙa da kitso da yin ƙuli-ƙuli. Da aikin albashi ya zo, sai aka sami macen da dole ta fita da safe, ta bar jariri ko ta tafi da shi. A wannan darasi za a duba tanadin al'ada da na doka, da yadda malama mai goyo take haɗa su a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ƙananan hukumomi uku na kudancin Jihar Katsina.

2.0 Tanadin Al'ada

Idan cikin fari ya tsufa, akan mayar da mace gidan iyayenta, wato goyon ciki. Bayan ta sauka, za a yi suna a rana ta bakwai, ita kuwa za ta ci gaba da wankan jego har kwana 40, tana shan kunun kanwa, ana ɗauke mata daka da girki. Idan ta gama sai ta yi yawon arba'in, ta koma ɗakinta. Daga nan jariri yana bayanta, ɗaure da zane da majanyi, har zuwa yaye, wanda Musulunci ya nuna cikarsa shekara 2. Abin lura shi ne ba uwa kaɗai take raino ba. Kaka da gwaggo da faccala da 'yan matan gida duk suna da hannu a ciki.

3.0 Tanadin Doka

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, tare da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya na 2008 kuwa sun ba da mako 16 da cikakken albashi, da kuma sassaucin awa 2 a kullum har tsawon wata 6 bayan komawa aiki. Jihar Legas a 2014 da Jihar Kaduna a 2019 sun kai hutun ma'aikatansu mata wata 6. Malamar firamare tana ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da sashen ilimi na ƙaramar hukuma, saboda haka ya wajaba ta san ƙa'idar da ta shafe ta tun kafin cikinta ya tsufa.

4.0 Inda Gizo Yake Saƙa

Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, wato kimanin mako 26, ba tare da ko ruwa ba. Ke nan wadda ta sami mako 6 bayan haihuwa za ta koma aiki da jaririn kwana 42, daidai lokacin da ta fita wanka. Ko mai mako 16 ma za ta koma kafin wata shidan su cika. Wannan giɓi shi ne asalin matsalar.

A waɗannan ƙananan hukumomi akwai ƙarin nauyi. Yanki ne na noma, mai ƙauyuka nesa da juna, kuma idan damina ta kankama hanyoyi sukan lalace. Malamar da aka tura ƙauye sau da yawa ta yi nisa da mahaifiyarta. Bugu da ƙari, hare-haren 'yan bindiga, irin wanda aka kai makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300, sun tarwatsa iyalai da yawa, sun sa doguwar tafiya da jariri a kan babur ta zama kasada. Dangin da al'ada ta dogara da su wajen raino ba lalle ne a same su wuri ɗaya ba.

Duk da haka, barin aikin malama hasara ce ga al'umma, domin iyaye sun fi sakin jiki su tura 'ya'yansu mata makarantar da take da malama. Wannan ne ya sa a 2008 aka fara shirin tallafa wa 'yan matan karkara su yi karatun malanta a jihohin Katsina da Bauchi da Neja da Sakkwato, da taimakon UNICEF, bisa sharaɗin su koma su koyar a ƙauyukansu.

5.0 Hanyoyin Daidaitawa

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, amma kuma sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka:

(a) Malama ta nemi hutunta a rubuce da wuri, tare da takardar asibiti, domin a tanadi mai riƙe mata aji.

(b) Shugaban makaranta ya keɓe ɗaki mai tsafta inda mai raino za ta zauna da jariri, ya kuma jera darussan malamar yadda za ta sami sararin shayarwa.

(c) Idan ba ta tafi da jariri ba, ta tatsa nono a mazubi mai tsafta da murfi, a ba shi da kofi cikin awa 4.

(d) Kada a cire yarinya daga makaranta don ta zama 'yar raino. Yin haka rushe abin da malamar ta fito ginawa ne.

(e) Miji ya ɗauki nasa kason, musamman kai ta da ɗauko ta, hukuma kuma ta tura mai goyo makaranta mafi kusa da gidanta.

6.0 Kammalawa

An ga cewa al'ada ta ba mai jego mataimaka, doka kuma ta ba ta lokaci, amma babu ɗayansu da ya wadatar shi kaɗai. Ɗalibin malanta na yau, namiji ko mace, shi ne shugaban makarantar gobe, kuma a hannunsa ne wannan daidaito zai tabbata.

Auna Fahimta

1. Bayyana ma'anar goyon ciki da wankan jego.
2. Kwatanta tsawon hutun haihuwa da wa'adin shayar da nonon uwa zalla.
3. Kawo hanyoyi uku da makarantar ƙauyenku za ta tallafa wa malama mai goyo.