Alheri Danƙo Ne: Yadda Haƙurin Sheikh Sharubutu Ya Zama Garkuwar Zangunan Ghana

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauke kaya a Madina ko Nima ko Maamobi a birnin Akra, ya san cewa mutanen Zango tsiraru ne a ƙasar da Kiristoci suka fi rinjaye. Kwanciyar hankalin da suke buɗe shaguna da ita kullum kuwa, akwai hannun wani dattijo a ciki, wato Sheikh Usmanu Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a Akra a 1919, ya kuma zama Babban Limamin Ghana a 1993.

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Yunin 2012 rikici ya ɓarke a Hohoe, wani gari kusa da iyakar Togo, bayan da aka tone gawar limamin Zangon garin aka jefar. Matasa suka afka wa fadar sarki, aka mayar da martani da ƙona shagunan 'yan Zango, aka yi asarar rayuka. Shehin, yana da shekara 93, ya tafi Hohoe da kansa ya zauna da ɓangarorin biyu har wutar ta lafa.

Haka kuma a daren shiga shekarar 2019, wani fasto ya yi ikirarin cewa Shehin zai rasu a wannan shekara. Matasan da suka fusata suka lalata kayan cocinsa, amma Shehin ya ce ya yafe, ya umarce su da su mayar da wuƙarsu kube. A watan Afrilun shekarar, lokacin cikarsa shekara 100, ya halarci bikin Ista a cocin Katolika na Christ the King da ke Akra. Wasu Musulmi sun yi ta sukarsa, ya jure. A 2021 ya ba da gudummawar sidi dubu 50 ga aikin ginin babban cocin ƙasa, surutu ya sake tashi, bai janye ba. Ban da wannan, ya kafa asusun tallafa wa karatun 'ya'yan marasa hali.

Abin lura a nan shi ne, Shehin ne ya sha zafin suka, riba kuma ta tafi ga mai sayar da goro a Nima da mai rumfar atamfa a Madina. Ɗan kasuwar kan iyaka ya fi kowa sanin cewa idan tarzoma ta tashi, rumfar baƙo ake fara cinna wa wuta, jarin shekara ashirin ya ƙone a dare ɗaya.

Saboda haka shugabannin kasuwanninmu su yi koyi, su riƙa danne fushi, su ziyarci maƙwabta tun kafin rana ta ɓaci. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah Ya zaunar da kasuwanninmu lafiya, amin.