Labarin Nyasha da sha-ka-fashe: abin da adabi ke iya faɗa kan jikin 'yan mata

A 1988 marubuciyar Zimbabuwe, Tsitsi Dangarembga, ta fitar da ƙagaggen labarinta Nervous Conditions. A cikinsa Tambu ke ba da labarin Nyasha, 'yar wan mahaifinta kuma aminiyarta, wadda ta dawo daga Ingila ta shiga ƙaurace wa abinci, in an tilasta mata ta ci sai ta amayar. Likitan ƙwaƙwalwa na farko da ya duba ta ya ce ba a san Baƙar fata da irin wannan ciwo ba. Littafin ya ƙaryata shi.

A ƙasar Hausa matsalar takan juyo ta wata fuska, domin ƙiba ake yabo, ramammiya kuwa a ce ba ta samun kulawa. A Yauri, Ngaski da Shanga, kamar sauran garuruwan Arewa, akwai 'yan matan da ke shan ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe, galibi dexamethasone, ba da umarnin likita ba. Kumburi take sawa, tana kuma jawo hawan jini da ciwon sukari, ta raunana garkuwar jiki. Sau da yawa ƙawa ce ke nuna hanyar kemis, ita ce kuma ke fara lura idan jiki ya rikice.

Nan ne adabi ke da rawar takawa. Balaraba Ramat Yakubu ta yi amfani da Wa Zai Auri Jahila? wajen fito da illar auren dole fili, gasar Hikayata ta BBC Hausa kuma tun 2016 take ba mata damar rubuta abin da ake ɓoyewa. Labarin da ya kai yarinya gaban likitan ƙwaƙwalwa ba tare da an kira ta mahaukaciya ba zai rage kunyar neman magani.

Sai dai labari ba ya maye gurbin asibiti. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu, wadda ta maye gurbin dokar 1958, ta amince da haƙƙin majinyata, amma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato ya yi wa mazauna bakin tafkin Kainji nisa. Yankin da aka sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yunin 2021 yana buƙatar masu ba da shawara a asibitocinsa da makarantunsa. Wannan tambaya ce da ta dace matasa su riƙa yi wa gwamnatin Kebbi a kowane kasafin kuɗi.