Tallar Lauya Ba Irin Ta Ɗan Koli Ba Ce

Kowane mai sana'a yana da hanyar da yake sanad da jama'a hajarsa. Ɗan koli ya baza kayansa a bakin kasuwar Kurmi, mai goro ya kwance huhu ya yayyafa ruwa. To, shi lauya fa, wanda hajarsa sanin doka ce, ba a ganinta da ido, ba a auna ta da mudu, ina zai baza ta? A da ba shi da abin da ya wuce ɗan allo a ƙofar ofis, sai kuwa bakin waɗanda ya yi wa aiki. Yau ga waya a aljihun kowa, cikinta kuwa akwai dandali iri iri inda mutane ke taruwa: LinkedIn da aka buɗe a 2003, da Facebook a 2004, da Twitter a 2006, wanda aka sake wa suna X a 2023. Lauyoyi ma sun shiga.

Asali, a ƙasashen da suka gaji shari'ar Ingila, talla abin kunya ce ga lauya, har ma an hana ta. A Amurka sai a 1977 Kotun Ƙoli ta yi hukunci, cikin ƙarar Bates da ƙungiyar lauyoyin jihar Arizona, cewa ba a hana lauya bayyana aikinsa da ladansa muddin gaskiya ya faɗa. A Nijeriya, ƙa'idodin aikin lauya na 2007, da waɗanda suka maye gurbinsu tun farkon 2024, sun buɗe ƙofa amma da sharuɗɗa. Ƙa'ida ta 39 ta yarda lauya ya sanad da kansa, sai dai kada ya yi ƙarya ko ya ruɗi mutane, kada ya kushe wani lauya ko ya gwada kansa da shi, kada ya yi alfahari da yawan shari'un da ya ci, kada kuma ya sa 'yan kamasho su nemo masa aiki. Watau dai kirarin da ya halatta ga mai maganin gargajiya a tasha, shi an haramta masa.

Abin da ya rage masa shi ne koyarwa, kuma ita ce tallar da ta fi albarka. Lauya mai hankali yakan ɗauki mas'ala guda wadda ke damun 'yan kasuwa, ya warware ta da Hausa cikin ɗan gajeren bidiyo ko saƙon murya, zama da yawa sun fi jin magana da kunne bisa karanta boko. Yau ya yi bayanin yadda ake rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC bisa dokar kamfanoni ta 2020. Gobe ya yi na takardar mallakar fili, da yadda dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Jibi ya nuna amfanin rubuta bashi da hayar rumfa a gaban shaidu. Wanda ya amfana da wannan a kyauta, ranar da rigima ta same shi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Amfani na biyu shi ne zumunci tsakanin su lauyoyin. Misali, an tsare kayan wani attajirin Kantin Kwari a tashar jirgin ruwa ta Apapa. Lauyansa yana Kano, amma ta LinkedIn, ko ta zauren WhatsApp na waɗanda suka yi Makarantar Lauyoyi tare, a Legas ko a Bagauda, sai ya sami amintacce a can ya miƙa masa aikin kafin kuɗin ajiya su taru. Ta nan ne kuma ƙaramin lauya yake ganin yadda manya ke fassara sabon hukunci, ya ƙaru.

Amma fa zuma da zaƙi da harbi. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi, domin ko mai ita ya goge, wani ya riga ya ɗauki hotonta. Asirin wanda ya kawo ƙara amana ne a wuyan lauya, ba shi da ikon baza shi don neman suna. Hakanan ba ya sakin baki a kan shari'ar da yake yi alhali tana gaban alƙali. Wanda ya ƙetare iyaka, akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi, yana da ikon yi masa gargaɗi, ko dakatar da shi, ko soke sunansa daga littafin da ke Kotun Ƙoli, sana'ar shekaru ta tafi ke nan.

Saura jan kunne ga masu neman lauya. Yawan mabiya ba shi ne ilmi ba, kuma bayanin da aka yi wa kowa da kowa ba shi ne shawara a kan mas'alar mutum ba. Kada a zuba asirin rigima a fili inda abokin shari'a ke karantawa. Kada a aika kuɗi ko takardun gida ga wanda ba a san ofishinsa ba, kuma a dubi hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA a kan takardar da ya rubuta. Wanda kuwa ya yi alkawarin lalle zai ci shari'a tun ba a zauna ba, ya karya ƙa'idar sana'arsa tun daga bakin ƙofa, a guje shi. Sayen nagari mai da kuɗi gida. Wassalam.