Kafin Ka Yarda a Yi wa Kwamfutarka Formatin

Da yawa daga masu gyaran kwamfuta maganinsu ɗaya ne ga kowace cuta: a yi formatin, a zuba sabon Windows. A biya kuɗi, a kai na'ura gida, bayan kwana biyu allo ya sake komawa shuɗi, ta kashe kanta ta tashi. In a ram cutar take, ko sau goma aka zuba Windows aikin banza ne.

Ram shi ne siraran sandunan nan masu haƙora ruwan zinariya da ke kafe a jikin mazabod, inda kwamfuta ke ajiye abin da take aiki da shi a lokacin. Da zarar wani gurbi a cikinsa ya lalace, sai a ba shi ajiyar abu ya mayar da wani daban. Shi ya sa matsalarsa ba ta da kan gado: yau burauza ta rufe da kanta, gobe fayil ya ƙi buɗuwa, jibi shuɗin allo ɗauke da rubutun MEMORY_MANAGEMENT. Wani lokacin ma fanka na ta juyawa, allo baƙi ƙirin.

Akwai manhajojin gwaji. Windows na da tata tun zamanin Vista, rubuta mdsched kawai za ka yi a wurin bincike. Wadda ta fi ta tonon asiri ita ce MemTest86, da ta fito tun 1994. A filash ake sa ta, a tayar da kwamfuta daga can, a bar ta ta zagaya sau huɗu, ko da za ta kwana tana yi. Kuskure ɗaya tak ya isa shaida.

Sai dai manhaja ba ta iya bambance laifin sanda da na ramin da aka soka ta. Nan ne mutane ke asarar kuɗi, su sayo sabon ram alhali tsohon garau yake. Wannan rabewar aikin hannu ce. Kashe na'urar, zare wayar wuta, ka taɓa ƙarfen jikinta kafin ka taɓa sanda, musamman a hunturu da jiki ke tara lantarkin nan mai tartsatsi. Cire sandunan duka, mayar da guda ɗaya, gwada. Sannan ka sauya mata rami, ka sake gwadawa, haka har ka bi kowace sanda da kowane rami. In matsalar tana bin sanda duk inda aka kai ta, sandar ce. In sanda mai lafiya ta shiga wani rami ta fara shirme, ramin ne.

Ko ramin ma kada a yi saurin yanke masa hukunci. Sau da yawa ƙura ce ta cushe shi, ko sandar ba ta zauna ba. Hure shi da iska, goge haƙoran sandar a hankali da robar goge fensir, ka danna ta har maƙallan gefe su ce ƙas. A duba mazaunin furosesa kuma, domin tun 2003 a AMD da 2008 a Intel abin da ke sarrafa ram ya koma cikin furosesa, don haka fil ɗaya da ya lanƙwashe a mazaunin na iya kashe rami.

Rami ɗaya da ya mutu ba ya sa a jefar da mazabod. A bar shi fanko, a sa sanda mai girma a wanda ke aiki.